Hasumiyar Babila ko Itacen Zakka?

A watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya ɗan lafa, mutumin da ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida a Zongon Lome bayan tuwon dare yakan ga wani tauraro mai tsananin haske ta wajen kudu, inda teku yake. Turawa suna kiransa Siriyus, Larabawa kuwa Shi'ira. Cikin garken taurarin da ke tare da shi akwai wani wanda ido ba ya iya gani, ko da an ɗauke wutar lantarkin birnin duka. Wannan tauraro yana ɗauke da suna daga ƙasar Togo. A shekara ta 2019 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta cika shekara 100 da kafuwa, sai ta ba ƙasashe fiye da 100 dama kowace ta raɗa wa wani tauraro suna, tare da duniyar da take kewaya shi. Togo ta kira nata tauraron Atakoraka, don tunawa da jerin duwatsun Atakora, duniyar kuma ta kira ta Agouto, wato Dutsen Agu, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar. Gana ta raɗa Sika da Toge, zinariya da ɗan kunne ke nan a harshen Ewe. Najeriya ta raɗa Amadioha da Equiano.

Har yau ba wanda ya taɓa ganin Agouto, ba kuma wanda ya ɗauki hotonta. An san da ita ne ta wurin inuwarta. Wanda ya yi wayo kafin 29 ga Maris 2006 zai tuna da safiyar nan da wata ya shiga tsakanin rana da ƙasa, duhu ya ratsa Gana da Togo da Benin da Najeriya da Nijar. Abin da Agouto take yi wa tauraronta ke nan, sai dai a ƙanƙanin ma'auni. Kowace awa 38 takan gifta ta gabansa, haskensa ya ragu kaɗan, sa'an nan ya komo. Hasken da yake kawo wannan labari ya yi tafiyar fiye da shekara 1,000. Ya baro can tun ba a fara gina ganuwar Kano ba.

Duniyoyi irin wannan, masu kewaya wasu taurari ban da rana, waɗanda aka tabbatar da su sun wuce 5,000 a 2022, suka kuma wuce 6,000 a 2025. An gano Agouto da madubin hangen nesa da ke kafe a ƙasa, amma yawancin sauran an gano su ne da madubai da aka ɗaga can sama. Mutum ya hau da jirgin sama, ya hau da balan-balan, ya hau da roka, ya kuma rataye na'urorinsa a sararin samaniya, duk don ya leƙa abin da ba zai taɓa kai ƙafarsa ba.

Mai bi wanda ya ji wannan labari yakan yi tambaya biyu, kuma dukansu suna da nauyi. Ta fari, ashe wannan ba hasumiyar Babila ba ce aka sake ginawa da ƙarfe maimakon tubali? Ta biyu, daidai ne a kashe dukiya mai yawa haka wajen hangen duniyoyin da ba kowa a cikinsu, alhali a wannan duniya akwai unguwannin da ruwa ke ci kowace damina? Kafin a yanke hukunci, ya kamata a fara sanin abin da ya sa suke hawan.

Abin da ya sa suke hawa

Duk wanda ya taɓa duban hanyar kwalta da tsakar rana ya ga yadda abin da ke nesa yake rawa kamar ruwa. Iska ce mai zafi take karkatar da haske. Abin da ke sa taurari ƙyaftawa da dare ke nan. Ban da wannan, danshin da ke cikin iska yana shanye wani irin hasken zafi da ido ba ya gani, iskar can bisa kuma tana tare wani haske mai ƙuna. Wannan alheri ne ga fatar mutum da amfanin gona, amma ga mai nazarin taurari labule ne. Iskar da take rayar da shi ita ce take hana shi gani.

Duk da haka daga ƙasa aka fara. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz, mutanen Suwizalan, suna aiki a wata cibiyar hangen taurari a kudancin Faransa, suka gano duniya ta fari mai kewaya tauraro irin rana. Ƙatuwa ce, dangin Mushtari, amma shekararta kwana huɗu ce da 'yan awoyi, abin da masana ba su zata zai yiwu ba. Sai dai ƙananan duniyoyi, masu girman wannan da ake zaune a kai, sun fi wuyar samu. Idan Mushtari ta gifta gaban rana, mai kallo daga nesa zai ga haske ya ragu da kashi 1 cikin 100. Idan wannan duniya ce ta gifta, raguwar ba ta kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Rawar iska kaɗai ta isa ta haɗiye wannan ɗan bambanci. Saboda haka tilas a hau.

Mataki na fari jirgin sama ne. Daga 1974 zuwa 1995 Amurka tana da wani jirgi mai suna Kuiper wanda aka huda gefensa aka sa madubi. A Maris 1977, yana shawagi bisa Tekun Indiya, masanan da ke ciki suka ga hasken wani tauraro yana ɗaukewa yana komowa kafin duniyar Yuranus ta rufe shi, da kuma bayan ta wuce. Ta haka aka san Yuranus tana da zobba. Magajinsa, SOFIA, jirgi ne ƙirar Boeing 747 na haɗin gwiwar Amurka da Jamus, yana tashi kilomita 12 zuwa 13, inda ya bar kusan dukan danshin iska a ƙarƙashinsa. A 2013 ya auna giftawar wata duniya ta gaban tauraronta.

Mataki na biyu balan-balan ce. Ba irin ta yara ba: ledarta siririya ce ƙwarai, amma idan ta kumbura a can sama filin ƙwallo zai shige cikinta. Akan cika ta da iskar hiliyom, ta ɗauki kaya masu nauyin mota ta kai su kusan kilomita 40, inda saura kashi ɗaya cikin ɗari na iska ko ƙasa da haka. Idan an gama, sai a saki kayan su sauko da lema.

Mataki na uku roka ce ta gwaji, wadda ba ta zama a sama. Takan haura kilomita 200 ko 300, ta ba na'ura kamar minti biyar na kallo, sa'an nan ta faɗo. Kome nisan jifa, ƙasa zai dawo. A Oktoba 2011 wasu masana daga wata jami'a a Boston suka harba irin wannan roka mai suna PICTURE daga hamadar White Sands a Amurka, suna neman ganin ƙurar da ke kewaye da tauraro Epsilon Eridani, inda duniyoyi suke. Aikin shekaru ne. Jim kaɗan bayan tashi, na'urar da za ta aiko da labari ƙasa ta lalace. Suka tsince kayansu a hamada, suka gyara, suka sake harbawa a 2015. Daga baya suka koma ga balan-balan, suka tashe ta a 2019 da 2022.

Mataki na huɗu shi ne kumbon da ke zama a sararin samaniya. Hubble, wanda aka harba a 1990, shi ne ya fara gano wani sinadari, wato sodiyam da ke cikin gishiri, a iskar wata duniya mai nisa, aka sanar a 2001. Kepler ya tashi a 2009, ya zuba wa taurari kusan 150,000 ido shekara huɗu ba ƙyaftawa, kafin ya daina aiki a 2018 ya gano duniyoyi fiye da 2,600. Ranar Kirsimeti ta 2021 aka harba James Webb, mai madubi faɗin mita shida da rabi, aka kai shi nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi. A 2022 ya gano iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi a wata ƙatuwar duniya mai zafi. Duniyar da ke da rai kuwa, ba a sami ko ɗaya ba tukuna.

Hawa iri biyu

Littafi Mai Tsarki bai hana hawa ba. Musa ya hau Sinai, Iliya ya hau Karmel, Ubangiji kansa ya sha hawan dutse don addu'a. Amma akwai labari biyu da suka nuna bambanci sarai. A Farawa sura 11, mutanen kwarin Shinar suka ƙulla shawara su gina hasumiya mai kaiwa sama. Marubucin ya bayyana dalilinsu: suna so su yi wa kansu suna, suna kuma gudun warwatsuwa. A Luka sura 19, wani attajiri mai karɓar haraji a Yariko, Zakka, ya ruga ya hau itacen ɓaure. Shi ma an bayyana dalilinsa: gajere ne, taro ya tare masa hanya, yana kuwa so ya gani.

Na Babila sun hau don a gan su. Zakka ya hau don ya gani. Hawan Zakka shaida ce a gaban gari duka cewa tsawonsa bai isa ba, gama babban mutum ba ya hawan itace sai ya yarda a yi masa dariya. Na Babila sun gina abin da ba su da niyyar sauka daga kai. Zakka da aka kira shi, nan da nan ya sauko. Bayan Babila sai rashin fahimtar juna. Bayan itacen ɓaure sai ga baƙo a gida, matalauta sun sami rabin dukiya, waɗanda aka zalunta kuma an mayar musu ninki huɗu.

To, wanne ne hawan masu neman duniyoyi? Gaskiya ita ce duka biyun suna nan, sau da yawa a kan tsani guda. Rokokin farko da suka ɗauki na'urorin masana suka wuce iska, a White Sands a 1946, makaman yaƙi ne na Jamus da ake kira V-2, waɗanda aka kwaso bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Fursunoni ne aka tilasta wa ƙera su a cikin ramukan dutse, waɗanda suka mutu wajen ƙerawa kuma sun fi waɗanda makaman suka kashe yawa. Tseren da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka yi zuwa sama, neman suna ne tsagwaronsa. Mai bi bai kamata ya rufe ido ga wannan ba.

Amma akwai wani labarin. A 1991 Andrew Lyne, wani babban masani a Ingila, ya sanar da cewa shi da abokan aikinsa sun gano duniya a kusa da gawar wani tauraro. Da ita ce ta fari a tarihi. Aka gayyace shi babban taron masana a birnin Atlanta a Janairu 1992. Kafin taron ya sake duba lissafinsa, sai ya ga kuskure: bai ɗebe motsin wannan duniya da shi kansa yake tsaye a kai yadda ya kamata ba. Abin da ya zata wata duniya ce, ashe kewayen tasa duniyar ne. Ya tashi a gaban taron ya ce babu duniyar, laifin kuma nasa ne. Mutane suka yi ta tafa masa. A wannan taro ne Aleksander Wolszczan ya gabatar da wasu duniyoyi da ya gano shi da Dale Frail, waɗannan kuwa sun tabbata.

Wannan saukowa ce irin ta Zakka. Mutumin da suna ke jira a bakin ƙofa ya zaɓi gaskiya. Ya kamata shugabannin ikkilisiya su yi tunani a kan irin kuskuren ma, domin na kowa ne: mutum ya ga abu yana rawa, ya rantse abin ne yake rawa, alhali wurin tsayawarsa ne. Kowa yana da iskar da ya girma a ciki, ta kabila, ta ɗarika, ta aljihu. Ita ke rayar da shi, ita kuma ke karkatar masa da gani. Masanin da ya sa madubinsa a balan-balan ya yarda cewa daga inda yake tsaye ba ya gani daidai. Ba kowane mai wa'azi ne ya kai ga wannan tawali'u ba.

Game da tsoron cewa yawan duniyoyi zai rage darajar bangaskiya, tsohuwar magana ce, an kuwa amsa ta tun da daɗewa. A 1277 Bishop na Paris, Etienne Tempier, ya haramta koyar da cewa Allah ba shi da ikon yin duniyoyi da yawa. A ganinsa, wanda ya ce duniya ɗaya tak Allah zai iya yi, shi ne ya ƙanƙantar da Mahalicci. Sa'ad da Allah ya so ya ƙarfafa zuciyar Ibrahim, waje ya fitar da shi da dare ya sa shi ya gwada ƙidaya taurari. Ɗaga kai a dubi sama umarni ne da uban masu bangaskiya ya taɓa karɓa.

Zancen kuɗi

Tambaya ta biyu ta fi wuya. James Webb ya ci kusan dala biliyan 10. Mace mai tallan koko a Zongo, wadda ke lissafin jarinta da ɗaruruwan sefa, tana da ikon tambaya ko wannan adalci ne. Bai kamata a amsa mata da raini ba.

Abu biyu za a iya faɗa. Na fari, an kashe wannan kuɗi ne cikin shekara fiye da 20, alhali abin da ƙasashen duniya suka kashe kan sojoji da makamai a 2023 kaɗai ya wuce dala biliyan 2,400. Kuɗin madubin duka bai kai na kwana biyu na wannan ba. Wanda yake neman inda abincin matalauci ya tafi, akwai ƙofar da ta fi cancanta ya fara ƙwanƙwasawa. Na biyu, masanan da kansu sukan zauna su auna ko aiki ya cancanci kuɗinsa. Ta haka aka ajiye jirgin SOFIA a 2022, bayan sun ga amfanin da yake kawowa bai kai abin da yake ci ba. Balan-balan da ƙananan rokoki kuma an riƙe su ne domin suna da araha, a kansu ɗalibai suke koyon aiki, a kansu kuma ake gwada na'ura kafin a zuba mata dukiya mai yawa.

Amma wannan bai share tambayar ba. Cewa wani ya fi ka ɓarna ba ya wanke ka. A Betanya an yi gunaguni kan turare mai tsada da aka zuba wa Ubangiji, aka ce da an sayar an ba matalauta. Ubangiji ya kāre matar, ya nuna cewa ba kowane abu mai tsada ne almubazzaranci ba. Yahaya kuma ya ƙara da cewa mai gunagunin ba matalauta ne suka dame shi ba. Don haka kalmar tana yanka ta gefe biyu. Wanda ya hau yana da hakkin matalauci a wuyansa in ya sauko. Wanda ya tsaya a ƙasa yana sukar mai hawa, shi ma sai ya nuna abin da ya taɓa ba matalaucin da yake fakewa da sunansa.

A rufe babba don a ga ƙarami

Akwai wani abu cikin wannan sana'a da ya shafi mazauna Zongo kai tsaye. Babbar wahalar ganin duniya mai nisa ba nisan ba ne, maƙwabcinta ne. Rana ta fi wannan duniya haske sau biliyan 10. Ƙaramin yana nan a wurinsa, amma hasken babban ya shanye shi. Hausawa sun ce in rana ta fito tafin hannu ba ya rufe ta. Gaskiya ne, ba ya rufe ta ga gari. Amma makiyayi ya san idan ya kāre idonsa da tafin hannu, zai hango tunkiyar da ta ɓace ta wajen gabas. Abin da masu PICTURE suka yi ta fama da shi ke nan daga roka zuwa balan-balan: wani ɗan marufi a cikin madubi wanda zai tare hasken tauraro daidai, ya bar na gefensa ya wuce. Ba a kashe tauraron, ba a kuma ce ba shi da haske. Ana kawar da shi daga ido na ɗan lokaci ne don a ba ƙaramin hakkinsa.

Zongon Lome ya san zama kusa da babban haske. Fatake Hausawa sun daɗe suna ratsa arewacin Togo ta Sansanne Mango da jakunansu, suna zuwa Gwanja sayen goro. Wasu suka gangaro bakin teku tun ƙarshen ƙarni na 19, wajen lokacin da Jamusawa suka mai da Lome hedkwatarsu a 1897. Inda suka yada zango, nan sunan unguwar ya fito. Suka kawo shanu da goro da tufafi, birni ya ci moriyarsu. Amma da birnin ya bunƙasa, filin da suke zaune a kai ya yi daraja, sai a 1977 aka rushe unguwar, aka kai mutanenta kusan kilomita 15 arewa da tsakiyar gari, ta wajen Agoe da Togblekope, kusa da fadamar kogin Zio. A tsohon filin manyan gine-ginen bankuna suka tashi. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna da mutanen unguwar a waɗannan shekaru, ya wallafa littafi a kansu a 1983. A cikin shekarar da masana a jirgin Kuiper suka lura da 'yar inuwar zobban Yuranus, a cikinta aka kawar da unguwa guda daga idon birni. Giwa a garin wani zomo ce.

Bahaushe Kirista a Lome ya san wannan sau biyu. A cikin birni shi ɗan Zongo ne, baƙo. A cikin Zongo, inda mafi yawa Musulmi ne, shi ɗan tsiraru ne. A majami'a kuma sau da yawa waƙa da wa'azi da Ewe ne ko Faransanci. Wanda ya ɗanɗana wannan bai kamata ya zama mai yi wa wani haka ba. Amma Yakubu, a sura ta biyu ta wasiƙarsa, ya nuna yadda abin yake faruwa a taron masu bi: mai zoben zinariya ya shigo a ba shi wuri mai kyau, matalauci ya shigo a bar shi tsaye. Ba lalle mugunta ce ta sa ba. Ido ne yake bin haske, haka aka yi shi. Sai an yi niyya, an ɗaga tafin hannu an kāre mai babbar riga na ɗan lokaci, sa'an nan za a ga gwauruwar da ta daina zuwa sujada tun wata uku, da yaron da ya zo daga Maradi neman aikin dako ba shi da wurin kwana.

Masu neman duniyoyi sun koyar da wata hanya kuma. Abin da ba ya haske da kansa, ana gane shi ta wurin ɗan gibin da yake bari. Amma sai an zuba ido dare da rana, an san yadda hasken yake kullum, kafin a lura ya ragu. Dattijon ikkilisiya da bai san mutanensa a lokacin lafiya ba, ba zai lura da ranar da ɗaya ya rage ba.

Saukowa

Harshen Hausa ya haɗa abu biyu a kalma guda. Wanda ya hau itace yakan sauka, baƙon da ya iso gari shi ma yakan sauka, a gidan mai masauki. Tsarin Zongo duka a kan wannan aka gina shi. Maigida yakan sauki baƙon ɗan kasuwa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa a ciniki, ya zama lamuninsa a garin da ba wanda ya san shi. Maƙwabta Musulmi sun riƙe wannan al'ada shekaru aru-aru, mai bi kuwa ba abin kunya ba ne ya koya daga gare su, gama wasiƙar Ibraniyawa ma ta gargaɗi masu bi kada su manta da karɓar baƙi. Labarin Zakka a nan ya ƙare. Ya sauko daga itace, Ubangiji ya sauka a gidansa. Wanda ya hau don ya gani ya zama mai masauki.

Su ma masanan ba su da wani zaɓi sai saukowa. Kumbon Voyager 1, wanda ya bar duniya a 1977, yana gudun kilomita 17 a kowace daƙiƙa, duk da haka sai ya yi fiye da shekara 70,000 kafin ya ci nisan da ke tsakanin rana da tauraro mafi kusa. Agouto ta fi wannan nisa sau ɗaruruwa, ga ta kuma tarin iska mai zafin da zai narkar da dutse. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Cikin duniyoyi 6,000 ɗin nan ba a ga ɗaya da aka san ɗan Adam zai iya yada zango a kanta ba. Ƙarin da aka samu na sanin sama ya ƙara nuna tsadar wannan ƙasa mai ruwa da iska da gero, da tsadar waɗanda aka ba mutum ya zauna da su a kanta.

Saboda haka yaron Zongo da ya ce yana so ya karanta ilmin taurari, kada iyayensa su ce masa saɓo ne. A bar shi ya hau, ya koyi lissafi, ya san yadda ake auna haske, ya san kuma yadda ake tashi a gaban jama'a a ce an yi kuskure. Abin da za a tambaye shi, shi ne abin da ake tambayar kowane mai hawa, ko hawan ilmi, ko na kasuwa, ko na mumbari: don a gan shi ya hau, ko don ya gani? Amsar ba ta fitowa sai bayan ya sauko. Hunturu zai wuce, Siriyus da garkensa su ɓace daga sararin yamma, damina ta zo, Zio ya cika ya shiga gidajen da ke gangare. A ranar ne za a san ko wanda ya iya sunan Atakoraka ya san sunan maƙwabcin da ke tsaye a ƙofarsa da tabarma a ka.